Rigar Wasa da Sunan Gari: Darajar Jesi ta Musamman daga Sidni zuwa Kwatarkwashi

Rigar wasa, wadda 'yan ƙwallo da magoya bayansu suka fi sani da jesi, an fara ɗinka ta ne domin alƙalin wasa da 'yan kallo su iya bambanta ɓangarori biyu da ke fafatawa a fili, amma a cikin shekaru hamsin da suka wuce ta zama haja mai tsada, ta zama allon talla da kamfanoni ke biyan kuɗi don a rubuta sunansu a kai, ta kuma zama alamar da mutum ke sanyawa don a san garin da zuciyarsa take. Daga cikin wannan kasuwa ne aka samu abin da ake kira jesi ta musamman, wato rigar da ƙungiya ke tsarawa da wani zane na daban don ta buga wasa ɗaya ko biyu da ita, ko dai don tunawa da wani abin tarihi, ko don tallata wata manufa, ko don tara kuɗin taimako, ko kuma don kawai ta sake sayar wa mai goyon bayanta wata rigar bayan wadda ya riga ya saya. Batun ya shafi ƙasar Kwatarkwashi da Gusau da Tsafe da Bungudu fiye da yadda ake zato, domin da wuya a ratsa tasha ko kasuwa ko bakin gidan kallon ƙwallo a waɗannan garuruwa ba a ga matasa sanye da jesi ba, sai dai kusan dukkansu na ɗauke da sunayen biranen da masu sanye da su ba su taɓa takawa ba.

Ɗaya daga cikin wasannin da wannan al'ada ta fi bunƙasa a cikinsu shi ne zari-ruga na 'yan wasa goma sha uku, wanda ya samo asali a ranar 29 ga Agusta 1895, lokacin da ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle daga uwar hukumar wasan, saboda ta hana a biya ma'aikatan masaƙu da na ramukan kwal diyyar ranar aikin da suke rasawa idan sun je wasa. A 1906 aka rage yawan 'yan wasa daga goma sha biyar zuwa goma sha uku, kuma a 1908 aka fara gasarsa a birnin Sidni na Ostireliya, inda a yau babbar gasar da ake kira NRL, wadda aka kafa a 1998, ta fi kowace ƙarfi a duniya. Nijeriya ma ba baƙuwa ba ce a wasan, domin ita ta lashe gasar yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya da aka yi a Legas a 2019, ko da yake a Zamfara tamaula ce ta mamaye filaye, kuma a kanta ne darasin zai yi aiki. Abin lura shi ne wasa ne na talakawan unguwa tun fil azal, ƙungiyoyinsa na ɗauke da sunayen unguwanni da ƙananan garuruwa, saboda haka dangantakar riga da gari ta fi fitowa fili a cikinsa.

A gasar NRL an ware wasu makonni na kakar wasa ga wasu manufofi, kuma kowane mako yana zuwa da rigarsa. Akwai makon 'yan asalin ƙasa, wato baƙaƙen fatar da Turawa suka tarar a Ostireliya, inda ƙungiyoyi ke ba masu zane daga cikin waɗannan al'ummomi aikin tsara riga da ɗige-ɗige da layukan da ke ba da labarin ƙasarsu da kogunansu da kakanninsu. Akwai ranar 25 ga Afrilu da ake tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙe-yaƙe. Akwai kuma makon girmama matan da ke hidimar wasan, wanda aka saba sanya launin hoda a cikinsa. A 2014 har rigunan da aka kwaikwayo daga kayan jaruman fina-finan kamfanin Marvel wasu ƙungiyoyi suka sanya, domin jawo yara su matsa wa iyayensu su saya. Hikimar kasuwancin a bayyane take: wanda ya sayi rigar ƙungiyarsa a farkon kaka ba shi da dalilin sake sayen irinta, amma idan aka fito da wata da ba za a sake bugawa ba, kuma aka ɗaura mata wata ma'ana da yake girmamawa, zai sake zura hannu a aljihu. Daga cikin waɗannan duka, rigunan makon 'yan asalin ƙasa ne suka fi cancantar yabo, saboda zanen yana fitowa ne daga hannun mutanen da ake magana a kansu, ana bayyana sunan mai zanen da ma'anar abin da ya zana, kuma 'yan wasan da suka fito daga waɗannan al'ummomi sukan shiga cikin shawarar. Rigunan Marvel kuwa sun yi kasuwarsu sun wuce.

Ya kamata a gyara wata fahimta da ta yaɗu a gidajen kallo, wadda ke cewa babbar ƙungiya na iya mayar da kuɗin da ta sayi ɗan wasa da su daga cinikin rigarsa kaɗai. A tsarin da aka fi bi, kamfanin da ke ɗinka kayan, kamar Nike ko Adidas ko Puma, shi ke biyan ƙungiya wani ƙayyadadden kuɗi a shekara don samun izinin amfani da tambarinta, sannan ya ba ta ɗan kaso daga kuɗin kowace riga, kason da galibi bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba, sauran kuma ya tafi ga masana'anta da masu jigila da masu shaguna da haraji. Babban kuɗin yana zuwa ne daga mai talla a ƙirji, al'adar da ƙungiyar Eintracht Braunschweig ta Jamus ta buɗe ƙofarta a babbar gasar ƙasar a 1973, Liverpool kuma ta bi sahu da sunan kamfanin Hitachi a 1979. Shi mai talla ba yadi yake saye ba. Yana sayen idanun da za su kalli rigar ne, da kuma ƙaunar da masu kallon ke yi wa ƙungiyar, da fatan wani abu daga cikinta ya shafi hajarsa. Ke nan darajar jesi ta musamman ta fi ƙarfin ribar da aka ƙirga a kanti, domin ita ce ke sa a yi maganar ƙungiya a makon da ba ta ci wasa ba, ta sa wanda ba ya zuwa fili ya ji yana da hannu a cikinta, kuma ta ba shugabanninta hujjar da za su nuna wa mai talla idan an zauna ciniki.

Irin wannan riga na iya jawo wa ƙungiya abin kunya idan aka yi ta da gaggawa, kuma misalai biyu daga Sidni sun isa. A watan Afrilu 2023 ƙungiyar Wests Tigers ta fitar da rigar tunawa da sojojin Ostireliya, sai masu lura suka gano cewa hoton sojojin da aka buga a jikinta na Amurkawa ne da aka ɗauko daga rumbun hotunan sayarwa na intanet, lamarin da ya tilasta mata ba da haƙuri da sake zanen. Na biyun ya fi nauyi. A watan Yuli 2022 ƙungiyar Manly ta sanar da riga mai ɗauke da launukan bakan gizo, alamar masu fafutukar auren jinsi, ba tare da ta tuntuɓi 'yan wasanta ba, sai bakwai daga cikinsu suka ce addininsu da al'adarsu ba su yarda su sanya ta ba, suka ƙaurace wa wasan da aka yi da Sydney Roosters. Manly ta sha kashi a wasan, ba ta kuma sake yin nasara ba har kakar ta ƙare. Kocin ƙungiyar da kansa ya fito ya amsa cewa an yi kuskure wajen rashin shawara. Abin da ya haɗa misalan biyu shi ne an tsara rigar a ofis, nesa da mutanen da aka ce don su aka yi ta da kuma waɗanda za su sanya ta a jikinsu.

Nijeriya ta ga ɗaya gefen lamarin a 2018, lokacin da kamfanin Nike ya fitar da rigar Super Eagles ta gasar cin kofin duniya ta Rasha, mai launin kore mai haske da zane irin na gashin fiffike, wanda aka ɗauko ruhinsa daga rigar da su Rashidi Yekini da Daniel Amokachi suka sanya a Amurka a 1994. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta ce mutum miliyan 3 ne suka nemi rigar tun kafin ta fito, kuma a ranar 1 ga Yuni da aka fara sayar da ita mutane sun yi dogon layi a shagon kamfanin da ke Landan, ta ƙare cikin ɗan lokaci. Tawagar ba ta wuce zagayen farko ba, duk da ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya ci Iceland, amma rigar ta ci gaba da yawo a duniya shekaru bayan haka. Sai dai farashinta na asali, kimanin dala 90, ya fi ƙarfin mafi yawan 'yan ƙasar, don haka abin da ya cika kasuwanni daga Legas zuwa Kano zuwa Gusau jabu ne, wanda ko sisin kwabo daga cinikinsa bai shiga asusun hukumar ba.

Wannan shi ne yanayin da duk mai tunanin jesi a Zamfara zai fara dubawa. Rigar asali ta babbar ƙungiyar Ingila tana kai fam 80 ko fiye, kuɗin da tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023 ya zarce ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, saboda haka jesin Arsenal da Chelsea da Manchester United da Barcelona da Real Madrid da ake gani a jikin ɗan acaɓa a Tsafe ko mai shayi a Bungudu, ko dai kwaikwayo ne da aka saro daga Kano ko Legas bayan an shigo da shi daga Asiya, ko kuma gwanjo. Ba abin zargi ba ne ga matashin, domin ya sayi abin da ƙarfinsa ya kai, kuma ƙaunar da yake yi wa waɗannan ƙungiyoyi tana da tarihi, tun zamanin da Nwankwo Kanu ke Arsenal da Mikel Obi ke Chelsea, lokacin da gidajen kallo masu janareta suka bazu har ƙauyuka. Abin da wannan ke nunawa shi ne akwai kasuwa, akwai kuma sha'awar sanya alama; abin da babu shi ne rigar gida da za ta tsaya kusa da waɗancan a kan rataye ɗaya. Matashin da ke iya lissafa 'yan wasan Madrid goma sha ɗaya da masu jiran canji, sau da yawa ba zai iya faɗin launin rigar Zamfara United ba, kuma laifin na masu ƙungiyar ne da ba su taɓa kawo masa ita inda yake sayayya ba.

Zamfara United, wadda gidanta ke Gusau kuma ta taɓa bugawa a babbar gasar ƙasa a shekarun 2000, mallakar gwamnatin jiha ce, kamar yadda akasarin ƙungiyoyin gasar Nijeriya suke, kuma wannan tsari ne ke kashe ƙwazon neman kuɗi ta hanyar riga, domin shugabancin da ke jiran kason gwamnati ba ya jin matsin da zai sa ya nemi mai saye. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta nuna cewa ƙungiyar arewa na iya mallakar zukatan gari: ta lashe gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, kuma rawaya da koren rigarta da kirarinta na Sai Masu Gida sanannu ne har ga wanda bai taɓa shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba. Wannan farin jini ne ya sa sashen Hausa na gidan rediyon Faransa, RFI, ya ƙulla yarjejeniyar sanya sunansa a ƙirjin rigarta a 2024. A kudu kuma, Sporting Lagos da aka kafa a 2022 ta ɗauki zanen riga da sayar da ita a matsayin ginshiƙin kafuwarta tun daga ranar farko, har waɗanda ba su damu da sakamakon wasanninta ba suna neman rigarta. Akwai kuma kamfanonin ɗinkin kayan wasa na cikin gida, irin su Owu da ke Legas, waɗanda suka yi wa ƙungiyoyi da dama aiki, don haka ba lallai sai an ƙetare teku ba.

A ƙasa da wannan mataki akwai ƙungiyoyin unguwanni da na makarantu da na ƙauyuka, waɗanda su ne ainihin ƙwallon da ake bugawa a ƙasar Kwatarkwashi, a filayen makarantun firamare da yamma bayan la'asar, da kuma gasannin da ake shiryawa da sunan sarki ko shugaban ƙaramar hukuma ko wani mai hali. Jesin waɗannan ƙungiyoyi yakan zo ta hanya biyu: ko 'yan wasa su yi karo-karo su sayi saiti na kwaikwayon wata ƙungiyar Turai a buga musu lamba a baya, ko kuma ɗan siyasa ya raba musu saiti mai ɗauke da hotonsa da alamar jam'iyyarsa, musamman idan zaɓe ya ƙarato. Wannan na biyun shi ne jesi ta musamman da yankin ya fi sani, kuma shi ne mafi ƙarancin daraja, duk da cewa ba a raina kyauta ga yaran da ba su da takalmin wasa. Dalili kuwa shi ne rigar na tallata mai bayarwa ne, sunan ƙungiya da na gari sukan koma ƙananan haruffa ko su ɓace. Tana raba 'yan wasan da iyayensu ke jam'iyyu daban-daban. Kuma ranar da mai hoton ya faɗi zaɓe ko ya sauya sheƙa, rigar ta zama ta zuwa gona. Doka ta 4 ta dokokin ƙwallon ƙafa na duniya ma ta hana sanya rubutu ko hoto na siyasa ko na addini ko na ƙashin kai a kayan wasa, saboda haka ƙungiyar da ta saba da irin wannan riga ba za ta iya shiga da ita gasar da hukuma ke kula da ita ba. Mai son taimakawa da gaske zai iya biyan kuɗin riga mai launin ƙungiya da sunan garinta, a rubuta sunansa ko na kasuwancinsa a hannu kamar yadda ake yi wa kowane mai ɗaukar nauyi, kuma hakan zai fi daɗewa ana tunawa da shi.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin ankon biki yana aiki ne a kan ƙa'ida ɗaya: an zaɓi zane ɗaya don rana ɗaya, wanda ya saya ya nuna yana cikin dangi ko abokan arziki, kuma darajar atamfar a ranar ta fi kuɗin da aka saye ta a kasuwa. Abin da ya rage shi ne a samo abin da gari zai yarda ya taru a kansa, kuma a nan ƙasar Kwatarkwashi ba ta da talauci ko kaɗan. Dutsen Kwatarkwashi, wanda duk matafiyin da ke kan hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa yake hangowa daga nesa, alama ce da ba ta buƙatar bayani ga ɗan yankin, kuma siffarsa mai sauƙin zanawa ce a ƙirji ko a gefen riga. Akwai mikiyar da ke sheƙa a kansa, wadda tsohon bikin Baura ya shahara da kamo ta, ko da yake bikin na da tushe a al'adun da suka gabaci Musulunci, don haka duk mai son ɗauko wani abu daga cikinsa sai ya fara zama da fada da malamai ya ji inda za a tsaya. Akwai doguwar sarautar marigayi Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar, wanda ya rasu a watan Yuni 2022 bayan shekaru 61 a kan karaga, wadda za a iya tunawa da ita da shekarun hawa da na rasuwa kaɗai ba sai da hoto ba. Ga Gusau kuwa akwai layin dogo da ya iso ta a ƙarshen shekarun 1920 ya mayar da ita cibiyar auduga da gyaɗa, akwai masaƙar Zamfara da ta ciyar da dubban gidaje kafin ta durƙushe, akwai kuma ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro jihar. Abin takaici ne a ce garin da ya taɓa saƙa yadi daga audugar gonakinsa yau ba shi da ko riga ɗaya mai sunansa da matasansa ke alfahari da ita.

Batun wanda za a rubuta sunansa a ƙirji yana da nauyi na musamman a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba 1999. A duniyar ƙwallo ta yau kamfanonin caca na cikin masu biyan kuɗi mafi tsoka, kuma a Nijeriya ma sun shiga harkar sosai, amma riga mai tallan caca ko giya ba za ta sami karɓuwa a Gusau ba, kuma daidai ne kada ta samu. 'Yan wasa Musulmi sun sha tsayawa a kan wannan: Frédéric Kanouté na Mali ya rufe sunan kamfanin caca a rigarsa ta Sevilla a 2006, Papiss Cissé na Senigal ya yi jayayya da Newcastle a 2013 kan tallan kamfanin bashi da ruwa, shi kuma Sonny Bill Williams, wanda ya yi suna a zari-ruga na 'yan goma sha uku kafin ya koma na 'yan goma sha biyar, ya rufe tambarin banki da ke wuyan rigarsa a 2017. Ƙungiyoyin gasar Firimiyar Ingila da kansu sun amince a 2023 su cire tallan caca daga ƙirjin rigunansu daga kakar 2026, saboda ɓarnar da take yi wa matasa. Masu tallan da suka dace da ƙungiyar Zamfara su ne waɗanda mutane ke mu'amala da su kullum, kamar dillalan taki da iri, da masu sarrafa shinkafa da man gyaɗa, da kamfanonin sufuri, da makarantu masu zaman kansu, da kamfanonin sadarwa, kuma ko kuɗinsu bai kai na caca ba, sunansu ba zai hana uba saya wa ɗansa rigar ba.

Ta fuskar sana'a, abin da ya sauƙaƙa jesi ta musamman a wannan zamani shi ne wata dabarar bugu da ake fara buga zanen a kan takarda da tawada ta musamman, sannan a ɗora takardar a kan farin yadin roba a danne da injin zafi mai kusan digiri 200, sai tawadar ta zama tururi ta shige cikin zaren, ta yadda ba ta ɓarewa ko tsagewa kamar rubutun da ake mannawa a sama. Amfanin dabarar shi ne kuɗin buga zane mai launi goma daidai yake da na mai launi biyu, kuma ana iya yin riga ashirin ko talatin ba sai an yi dubbai ba. Illarta ita ce ba ta kama auduga, kuma tana buƙatar wutar lantarki tsayayya, abin da ke ƙara tsada a inda ake dogaro da janareta. Hanyar da ta fi dacewa da ƙaramar ƙungiya ita ce a buga yadin a Kano ko Kaduna, a kawo shi a yanka a ɗinka a wurin telolin gida, waɗanda ba a rasa ƙwararru a cikinsu ba, kuma a karɓi sunaye da rabin kuɗi daga masu so kafin a buga, don kada jari ya kwanta. Farashi shi ne zai yanke hukunci: idan rigar gida ta ninka jabun Turai sau uku, ba za ta sayu ba komai kyawunta, amma idan ta ɗara shi da kaɗan, kuma mai saye ya san cewa rarar za ta tafi ga ƙwallaye da raga da kuɗin motar zuwa wasa, da yawa za su biya. Yanayin sutura ma abin kula ne, domin riga mai ɗan tsawo da yalwa, da wadda aka yi da dogon hannu, da ƙananan awo na yara lokacin sallah, za su shiga gidajen da matsattsiyar rigar 'yan wasa ba za ta shiga ba.

Akwai kuma rigar da ake yi don wata manufa ta alheri, wadda yankin da matsalar 'yan bindiga ta raba dubban mutane da gidajensu, har ta kai ga rufe layukan waya da kasuwannin mako a watan Satumba 2021, yake da buƙatarta fiye da Sidni ko Landan. Barcelona ta sanya sunan UNICEF a ƙirjinta a 2006 tana biyan asusun kuɗi maimakon karɓa, Arsenal kuma ta buga wasa da farar riga fat a watan Janairu 2022 don yaƙi da kashe-kashen wuƙa tsakanin matasan Landan, ta ƙi sayar da rigar, ta raba ta ga masu aikin ceto matasa a unguwanni. Wasan sada zumunci tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe, ko Bungudu da Gusau, da riga ɗaya da aka tsara don marayu da 'yan gudun hijira, zai iya tara abin da ya fi kuɗin ƙofa, da sharaɗin a bayyana adadin rigunan da aka buga da kuɗin da aka samu da hannun da aka damƙa wa, a gaban shaidu daga fada da masallaci, domin sau ɗaya aka ci amanar irin wannan kuɗi ba za a sake samun mai saye ba.

Iyakar da ba a ƙetarewa ita ce launin asali. A 2012 mai ƙungiyar Cardiff City ya sauya rigarta daga shuɗi zuwa ja don jawo kasuwar Asiya, magoya baya suka yi ta bore har aka mayar da shuɗin a watan Janairu 2015. Ƙungiyar South Sydney kuwa, da aka cire ta daga gasar NRL a ƙarshen 1999, dubun-dubatar mutane ne suka yi tattaki a titunan Sidni sanye da ja da koren da take sanyawa tun 1908, har aka dawo da ita a 2002. Jesi ta musamman tana samun ƙimarta ne daga kasancewar akwai ta kullum da aka saba da ita, saboda haka ƙungiyar da ke sauya launi duk lokacin da aka sami sabon mai kyauta ko sabon kwamishina ba ta da abin da za ta yi wa ado. Ga Zamfara United da ƙungiyoyin Kwatarkwashi da Tsafe da Bungudu, aikin farko shi ne kowace ta tsayar da launi biyu da tambari ɗaya, ta rubuta su a kundin tsarinta, manyan cikinsu su yi wa tambarin rajista a ofishin alamun kasuwanci na ma'aikatar ciniki ta tarayya da ke Abuja, sannan a riƙe su kaka uku ko huɗu ba canji kafin a fito da riga ta musamman guda ɗaya a shekara, a lokacin kaka bayan an sayar da amfanin gona, sa'ad da kuɗi ke hannun mutane kuma filaye suka bushe.